Shin Ko Kun San? Zaɓen Wakilai da Tsagin Jam'iyyu, Daga Zamanin NEPU Zuwa Mazaɓar Gaya, Ajingi da Albasu

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Duk shekara huɗu mutanen Kademi da Shagogo da Gamarya, da na Toranke da Balare da Gafasa, sukan fito su yi layi cikin rana don zaɓen wanda zai wakilce su a Abuja. Da yawa daga cikin matasan da ke wannan layi ba a taɓa ba su labarin yadda ƙuri'ar ta iso hannunsu ba. Filinmu na wannan mako zai bi sawun wannan ƙuri'a tun daga zamanin Turawa, ya kuma nuna abu guda da ke ta maimaituwa a siyasar ƙasar Kano: ɓarakar cikin gida ta sha kayar da jam'iyya fiye da yadda abokan hamayya suka kayar da ita.

Shin ko kun san cewa a zamanin da aka fara zaɓe a Arewa, ƙasar Gaya gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Kano, kuma Ajingi na cikin wannan ƙasa? Sarkin Gaya shi ne hakimi, ƙarƙashinsa dagatai, ƙarƙashinsu masu unguwanni. Haraji da jangali ta hannunsu suke bi, kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari kuwa duk na En'e ne. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai fahimci sauran labarin cikin sauƙi.

Shin ko kun san cewa NEPU ta riga NPC zama jam'iyyar siyasa? A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa ta a birnin Kano, kuma sunanta na Hausa shi ne Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953.

Shin ko kun san cewa NPC, wato Jam'iyyar Mutanen Arewa, ta faro ne a matsayin ƙungiyar raya al'adu da tattauna al'amuran Arewa, sai a watan Oktoba 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyya? 'Yan NEPU na farko da ita suka fara tafiya kafin a raba gari. Ke nan manyan jam'iyyun Arewa guda biyu na wancan zamani daga tsatso ɗaya suka fito, kuma tsagewa ce ta haife su.

Shin ko kun san cewa a zaɓen 1951 talakan Gaya bai zaɓi ɗan majalisa da hannunsa ba? Hawa-hawa ake yin zaɓen. Masu biyan haraji a ƙauye su fitar da wakilai, waɗannan su je gunduma su fitar da wasu, a haka har a kai matakin lardi, inda 'yan tsiraru za su zaɓi masu zuwa majalisar Kaduna. A matakin ƙarshe kuma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen, kashi goma cikin ɗari. NEPU ta taka rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da aka gama tankaɗe da rairaya ba ta tsira da kujera ko ɗaya ba.

Shin ko kun san cewa kowace jam'iyya da gaisuwarta da alamarta? Ɗan NPC in ya ɗaga murya sai ya ce "Salama", ɗan NEPU ya ce "Sawaba". Alamar NPC fartanya ce, ta NEPU tauraro, ta ƙawarta NCNC zakara. A bakin mutanen karkara sunayen sun koma Emfisi da Nefu, taron siyasa kuma sunansa lacca.

Shin ko kun san cewa ba a yin lacca sai da takardar izini daga En'e? Ku kwatanta abin a zuci. Sakataren NEPU na gunduma, wataƙila tela ne ko ɗan koli, zai hau keke ya je ofishin hakimi neman izinin tara jama'a ranar kasuwa, alhali hakimin da magatakardansa da ɗan dokar da ke bakin ƙofa duk 'yan ɗaya jam'iyyar ne. In an hana shi, ya koma gida. In ya yi taron ba izini, gobe yana gaban alƙali. In an ba shi izinin kuma ya ambaci sunan wani basarake a cikin jawabinsa, ana iya tuhumarsa da zagi. Da yawa sun sha bulala da ɗauri ta wannan hanya a gundumomin Kano, wasu an ninka musu haraji, wasu sun bar garuruwansu. Waɗannan mutane sun cancanci mu riƙa tunawa da su da girmamawa.

Shin ko kun san cewa bangar siyasa ta girmi 'yancin kan Nijeriya? A 1953 aka san wata ƙungiya a Kano mai suna Jam'iyyar Mahaukata, wadda ke far wa 'yan NEPU, su ma 'yan NEPU suka kafa nasu rukunin matasan don kare kai. Ciwon da muke kuka da shi yau tsoho ne, kuma tun wancan lokaci 'ya'yan talakawa ne ke zubar da jini a ɓangarorin biyu.

Shin ko kun san cewa Malam Aminu Kano ya sha faɗuwa zaɓe kafin ya ci? A zaɓen majalisar tarayya na 1954 Maitama Sule ne ya kayar da shi, wanda shi ma da 'yan NEPU ya fara tafiya kafin ya koma NPC. A 1956 kuma, a zaɓen majalisar Arewa, Alhaji Ahmadu Ɗantata ya yi nasara a kansa.

Shin ko kun san cewa ranar 12 ga Disamba 1959 ce ranar farko da magidancin Gaya ko Ajingi ya zaɓi ɗan majalisar tarayya kai tsaye, kuma a asirce? Kujerun majalisar wakilai 312 ne a lokacin: Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3.

Shin ko kun san cewa a wannan zaɓe kowane ɗan takara da akwatinsa? Ba a dangwala yatsa a kan alamar jam'iyya kamar yanzu. Malamin zaɓe zai duba sunanka ya miƙo maka takarda, ka shiga wani ɗaki ko rumfa da aka kewaye, kai kaɗai. A ciki ga akwatuna jere, wannan an manna masa hoton fartanya, wancan tauraro. Ka jefa takardarka a wanda ranka ya kwanta da shi, ka fito. Ga mutumin da ya saba duk abin da zai yi idon mai unguwa na kansa, wannan ɗan lokaci da ya tsaya shi kaɗai gaban akwatuna babban al'amari ne.

Shin ko kun san cewa NEPU ta samu ƙuri'a sama da rabin miliyan a 1959, amma kujeru 8 kacal ta ci, yayin da NPC ta tashi da 134? Dalili shi ne tsarin da aka gada daga Ingila: a kowace mazaɓa wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ke ɗauke kujerar, ko da da ƙuri'a ɗaya ya fi, na biyu kuwa ya tashi a tutar babu. Ƙuri'un NEPU a warwatse suke cikin gundumomi, shi ya sa kusan duk kujerun karkarar lardin Kano NPC ta kwashe. Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas.

Shin ko kun san cewa bayan wannan zaɓe NEPU ta tsinci kanta a ɓangaren gwamnati a Ikko? Ƙawarta NCNC ce ta haɗa gwamnati da NPC a ƙarƙashin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, har Malam Aminu ya zama ɗaya daga cikin masu tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a majalisa. A Ikko ana zaune a layi ɗaya, a ƙauyukan Kano kuwa ana ci gaba da kai magoya bayansa gaban alƙali.

Shin ko kun san cewa duk tsawon Jamhuriya ta Farko babu macen Arewa ko ɗaya da ta jefa ƙuri'a? Matan Kudu sun yi zaɓe a 1959, na Arewa an hana su. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka a kan wannan fafutika da makamantanta. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe wa matan Arewa ƙofa, sannan suka shiga babban zaɓe a 1979. Kakata ta wajen uwa tana da jikoki lokacin da ta fara zaɓe. Takan ba mu labari cewa ranar ta ɗauko zanenta na ƙasan adaka ta ɗaura kamar mai zuwa suna, da ta dawo kuma ta ƙi wanke tawadar da ke babban yatsanta har ta goge da kanta.

Shin ko kun san cewa sunan Sawaba ya tsallaka iyaka? A Nijar ma an yi jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakari, wadda ta ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958. Gwamnatin Diori Hamani ta haramta ta a 1959.

Shin ko kun san cewa babbar ɓarakar da NPC ta gani a Kano daga cikin gidanta ta fito? Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya jigo ne a jam'iyyar. Da dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello, aka kafa binciken kuɗin En'e ta Kano a ƙarƙashin wani Bature mai suna Muffett, Sarki ya yi murabus a 1963, aka kai shi Azare. Masu kishinsa suka kafa jam'iyyar KPP, wato jam'iyyar mutanen Kano, suka haɗa kai da NEPU, wadda a da ba ta da abokin faɗa kamarsa. Daga baya, a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Sarki Sanusi ya dawo ƙasar Kano ya zauna a Wudil, maƙwabciyar Gaya, inda ya rasu a 1991.

Shin ko kun san cewa zaɓen 30 ga Disamba 1964 kusan rabin zaɓe ne? Jam'iyyu sun rabu gida biyu: NNA, inda NPC take, da UPGA, inda NEPU da NCNC da AG suke. 'Yan adawa sun yi kukan cewa an hana 'yan takararsu da dama miƙa takardun tsayawa, har 'yan NPC masu yawa suka wuce ba hamayya. A ƙurarren lokaci UPGA ta ce a ƙaurace wa zaɓen. NPC ta kwashe kujeru 162 cikin 167 na Arewa, Malam Aminu ma ya rasa tasa a hannun Mahmud Ɗantata. Shekara ɗaya da 'yan makonni bayan haka, ranar 15 ga Janairu 1966, soja suka kifar da gwamnati, a watan Mayu kuma aka haramta jam'iyyu gaba ɗaya. Zaɓen da aka toshe wa 'yan adawa hanya bai amfani ko waɗanda suka ci shi ba.

Shin ko kun san cewa Amurka ma da tsagin jam'iyyu ta fara? Majalisar wakilanta ta farko a 1789 kujeru 65 gare ta. Shugabanta na farko, George Washington, a jawabinsa na bankwana a 1796 ya gargaɗi mutanensa a kan illar ɓangaranci, amma kafin ya sauka ministocinsa biyu, Hamilton da Jefferson, sun riga sun zama jagororin tsagi biyu masu gaba da juna. A 1812 kuma aka zana mazaɓun jihar Massachusetts a karkace don jam'iyyar Gwamna Elbridge Gerry ta ci riba, har yau da sunansa ake kiran irin wannan maguɗi a can. Tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko da muka ɗauka a 1979 daga wurinsu aka kwaikwayo shi.

Shin ko kun san cewa a 1979 zaɓe biyar aka yi, kowanne da ranarsa? An fara da na dattawa ranar 7 ga Yuli, na wakilai ranar 14, na majalisun jihohi ranar 21, na gwamnoni ranar 28, aka rufe da na shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta. A wannan karo aka rage shekarun mai zaɓe daga 21 zuwa 18.

Shin ko kun san cewa abin da NEPU ta kasa samu cikin shekara goma sha biyar, magajiyarta PRP ta same shi cikin wata guda? Jam'iyyar mai alamar mabuɗi da kirarin "Nasara" ta cinye kujerun dattawa biyar na tsohuwar jihar Kano, ta ci 39 cikin kujeru 46 na majalisar wakilai, ta kuma kafa gwamnati da Muhammadu Abubakar Rimi, ɗan ƙasar Sumaila. Me ya canja? Soja sun riga sun karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon hakimai, mata da matasa kuma sun shigo layi. Talakawan karkara su ne dai na da, abin da ya sauka shi ne tsoro. Rimi na hawa mulki ya soke haraji da jangali.

Shin ko kun san cewa wannan gagarumar nasara ba ta cika shekara guda ba PRP ta dare gida biyu? Rimi da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna sun riƙa halartar tarukan gwamnonin da ke adawa da jam'iyyar NPN mai mulkin ƙasa, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi ji, a 1980 aka kore su. Waɗanda suka bi gwamnonin aka kira su 'yan santsi, wato santsi ya kwashe su daga kan turba. Waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu aka ce musu 'yan taɓo, wato sun kafe sun ƙi motsi. Sunayen ba'a ne kowane ɓangare ya laƙa wa ɗan'uwansa, daga baya kowa ya rungumi nasa. Wa da ƙani da suka yi ɗauri tare a zamanin NEPU suka daina zaman majalisa ɗaya.

Shin ko kun san cewa wannan rikici ya taɓa sarautar Gaya kai tsaye? A 1981 gwamnatin Rimi ta ɗaga Gaya da Rano da Dutse da wasu garuruwa zuwa masarautu masu cin gashin kansu. A watan Yulin shekarar, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke a birni ranar 10 ga wata, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Rimi ya sauka ya koma NPP ya sake neman kujerar, Sabo Bakin Zuwo na taɓo ya kayar da shi, ya kuma soke sababbin masarautun. Wata uku kacal ya yi, soja suka dawo ranar 31 ga Disamba 1983.

Shin ko kun san cewa santsi da taɓo ne suka share wa ɗan Gaya hanyar shiga gidan gwamnati? A zamanin Babangida jam'iyyu biyu ne kawai, SDP mai doki da NRC mai mikiya, kuma SDP ce ke da rinjaye a Kano. Amma tsohon ciwon ya biyo ta. Tikitin gwamna ya faɗa hannun Injiniya Magaji Abdullahi, 'yan santsi ba su gamsu ba, suka juya wa jam'iyyarsu baya. A zaɓen Disamba 1991, wanda aka yi ƙato bayan ƙato, Kabiru Ibrahim Gaya na NRC ya yi nasara, alhali SDP ce ta cika majalisar jiha. Ya yi mulki daga Janairu 1992 zuwa Nuwamba 1993. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shin ko kun san cewa shi dai Kabiru Gaya ya yi shekara 16 yana wakiltar Kano ta Kudu a majalisar dattawa, daga 2007 zuwa 2023, kafin Kawu Sumaila na NNPP ya karɓi kujerar?

Shin ko kun san cewa a yau Gaya da Ajingi da Albasu kujera ɗaya suke da ita cikin 24 na jihar Kano, a majalisar wakilai mai mutum 360? Abdullahi Mahmud Gaya na APC ya riƙe ta daga 2015 zuwa 2023, sannan Ghali Mustapha Tijjani ya ci ta a ƙarƙashin NNPP. Wannan sauyi ma jikan wata tsagewar ce, ta Kwankwasiyya da Gandujiyya, tsakanin mutum biyu da suka yi gwamna da mataimaki har sau biyu.

Shin ko kun san cewa masarautar Gaya ta sake shiga wannan guguwa? Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta mayar da ita masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, tare da Bichi da Ƙaraye da Rano. A watan Mayu 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, a watan Yuli kuma ta dawo da Gaya a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, daidai da iyakar mazaɓar tarayya. Garin da tarihi ya ce daga cikinsa maƙeran Abagayawa suka tashi suka sauka a gindin Dala ya cancanci a daina ɗaga darajarsa da sauke ta duk lokacin da manya suka saɓa.

Shin ko kun san cewa a duk waɗannan rigingimu, daga 1951 zuwa yau, manyan sukan shirya, amma ƙananan da suka ɓata da juna a kansu ba kasafai suke shiryawa ba? Mun ga waɗanda suka yi shekaru suna jifan juna da magana sun dawo inuwa ɗaya suna tafawa, an bar maƙwabta a Kunkurawa ko Kazurawa ba sa gaisawa a masallaci. Don haka, 'yan'uwana mutanen Gaya da Ajingi, in manya sun raba gari, kada mu raba zumunci. Mu tambayi mai neman kujerar wakilci abin da zai yi wa asibitinmu da makarantar 'ya'yanmu da hanyar da muke fitar da amfanin gona, mu auna amsarsa, sannan mu shiga rumfa mu yi abin da zuciyarmu ta gamsu da shi. Telan da ya hau keke neman izinin lacca, da tsohuwar da ta ƙi wanke yatsanta, wannan 'yanci suka bar mana gado. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu shugabanni na gari.